Ɗaurin Notin Ƙafar Mota Bisa Ma'auni

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu na ƙasar Andarai da Maiyama da Jega da Aliero, cikin Masarautar Gwandu, musamman waɗanda motar ofis ke hannunsu, ko su ke sa hannu a takardar kuɗin gyara.

A ƙarƙashin mota akwai wani ƙarfe mai kama da hannu, wanda ya haɗa ƙafar gaba da jikin mota. Makanikai na ce masa lowa-am. A gindinsa akwai roba mai bututun ƙarfe a tsaka, watau bushin, ita ce bolti ke ratsawa a ɗaure da noti. In mota ta faɗa rami, hannun nan ya kan yi sama ya yi ƙasa, robar kuwa ta murɗa kaɗan ta komo daidai. Motar da ke bin hanyoyin ƙauye da damina, ko ke ɗaukar buhunan albasa daga Aliero, robarta ba ta hutawa.

Kuskure biyu a kan yi wajen sake ta. Na fari shi ne a ƙulle notin tun mota na bisa jak, ƙafa na lilo. Da an sauke ta, nauyi sai ya murɗe robar, ta zauna hakanan dare da rana har ta tsage tun lokacinta bai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: ƙura da ruwa su ƙarasa ta. Na biyu shi ne ɗauri da ka, a zura bututu a sifana a taka da ƙafa. In ɗauri ya wuce kima, bolti ya kan miƙe, wata rana ya karye a kan gudu. In ya kasa, ƙafa ta riƙa ƙwanƙwasa, taya ta cinye gefe ɗaya, sitiyari ya riƙa ja.

Ƙarfin ɗauri yana da awo, sunansa nutan-mita. Nauyin kilo 20 a ƙarshen sifana mai tsawon rabin mita ya kan ba da wajen 98. Littattafan Amurka da fam-ƙafa su ke awo, nutan-mita 100 kuwa fam-ƙafa 74 ne. Kowace mota da adadinta a littafin kamfanin da ya ƙera ta. Akwai sifana ta musamman mai lambobi, wadda ke yin ƙas in an kai adadin.

Ga yadda aikin ya kamata ya tafi:

1. A wanke zaren bolti. Kada a shafa masa mai sai in littafi ya ce, domin mai kan sa ɗauri ya zarce awo.
2. A ɗaura noti sama-sama, sa'an nan a sauke mota ta tsaya bisa ƙafafunta huɗu a kan ramin gareji.
3. A girgiza ta ta zauna sosai, kana a ƙulle da sifana mai awo. Da ta yi ƙas, a tsaya.
4. Boltin da littafi ya ce sau ɗaya a ke ɗaure shi, lalle a sayi sabo.
5. A yi saitin ƙafa kafin mota ta hau hanya.

Ba a nufin Hakimi ya zama makaniki. Abin da a ke bukata, ya umurci direba ya tsaya a gareji har a gama, ya ga an sauke mota kafin a ƙulle. Malamin ofis kuma ya rubuta a littafin mota ranar gyara, da lambar tafiyarta, da adadin da aka ɗaure, kada a biya kuɗi sai an faɗi wannan adadi. Motar nan ita ke kai Hakimi rangadi, ita kuma wani lokaci ke kai majinyaci asibitin Birnin Kebbi cikin dare.