Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Zama Gwanin Kaɗa Ogan?

Wani mai saurarenmu daga Kura ne ya aiko da wannan tambaya.

To Malam, ogan babban abin kiɗa ne mai bututu. Iska ake turawa ciki, makaɗi yana buɗe mata hanya yana rufewa, kamar yadda kuke sarrafa ruwan Tiga a magudanan Kadawa. Hannu biyu na kan allon dannawa, ƙafafu kuma na taka nasu a ƙasa. Shi ya sa ake fara goge hannu da piyano tun ana yaro.

Dubi gwanin ogan Ayo Bankole, haifaffen Jos a 1935. Mahaifinsa makaɗin ogan ne a coci. A 1957 ya tafi makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan, sannan Jami'ar Kambirij. Ya rasu a 1976, yana ɗan shekara 41 kacal. Wallahi an yi babban rashi.