Kada ka bari a yanke wa karenka kunne

Kai mai shirin sayen kwikwiyon Doberman ko Boxer, tsaya ka ji. Miƙaƙƙun kunnuwan da kake gani a hoto ba haka aka haife su ba. Yanke su ake yi tun kwikwiyo yana ɗan mako 7 zuwa 12, a yi ta naɗe su da filasta har su tsaya. Azaba ce, kuma raunin yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta. A Ingila dokar 2006 ta hana wannan yanka.

Tun kafin ka biya kuɗi, gaya wa mai sayarwa a bar kunnuwan yadda Allah ya halicce su. Idan tsoron ciwon kunne ne ya sa kake son a yanke, riƙa dubawa duk mako, ka goge su su bushe bayan wanka. Ka ji wari ko ka ga yana yawan girgiza kai, garzaya wurin likitan dabbobi.