Me Ya Sa Allurar Barci Take Zafi Kamar Wuta?

Tambaya: Ni manomi ne a Minjibir. Bara aka yi mini aikin ƙaba, kuma da aka tura allurar barci ta bayan hannuna sai na ji kamar an zuba mini garwashi har gwiwar hannu. Yanzu an ce za a yi ɗaya gefen bayan kaka, amma wallahi tsoron allurar ya fi mini tsoron wuƙar. Kuskure aka yi? Akwai dabara?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya. In abin da ka gani a sirinjin fari ne tas kamar nono, to furofofol aka ba ka, wanda wasu suka sani da sunan Diprivan. Tun 1986 ake aiki da shi, kuma likitoci na son sa don yana sa barci cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum ya farka garau ba yawan amai. Aibinsa shi ne wannan zugin. A 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 177, aka ga kusan mutum 60 cikin 100 na jin zafin in ba a yi wani tanadi ba. Ka ga ba raki ka yi ba, kuma zafin kaɗai ba ya nuna an yi kuskure.

Kai da ka san taki, ka san abin da yuriya ke yi wa ƙaramar masara in an zuba ta a gindi ƙasa a bushe. Haka maganin yake ƙona bangon jijiya. Jijiyoyin bayan hannu sirara ne, jinin cikinsu kaɗan, ba ya saurin sirka maganin. Shi ya sa dabara ta farko ba ta cin ko sisi: a sa kanula, wato robar da ake tura magani ta cikinta, a babbar jijiyar nan ta lanƙwasar gwiwar hannu, inda jini ke da yawa. A wancan binciken ita ce ta fi rage zafin.

Ta biyu lidoken ce, wadda ake kashe dasashi da ita kafin cire haƙori. A ɗaure damtse da roba, a tura kaɗan a jijiyar, a dakata kamar minti ɗaya ta kashe wurin, sannan a kwance a biyo da farin maganin. Wasu kuma gauraya su suke yi a sirinji ɗaya. Akan fara da ɗan maganin rage zafi irin ketamin ko fentanil ma.

Mai yiwuwa ma ba sai an sa ka barci ba, domin aikin ƙaba sau da yawa da allurar baya ake yin sa, ko a kashe wurin kawai kana farke.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka sha tiramadol a gida wai don rigakafi. Zai iya haɗuwa da maganin likitocin ya danne maka numfashi. Ranar da mai ba da allurar barci ya zo duba ka kafin aiki, ka ce masa, "Wancan karon allurar ta ƙone ni a bayan hannu." Zai gane nan take. Kada ka ji nauyin faɗa, Malam, kuma kada ka bar ƙabar ta kai wata daminar.