Tayin Kwari Ba Ya Ci a Kowace Kasuwa

Sana'ata raka 'yan kasuwa sari zuwa Dubai da Chaina: in kai su shago, in tsaya musu a ciniki, in tabbatar kaya sun bar ƙasar lafiya. Tun da na fara wannan zirga-zirga, asarar da na ga mutanenmu sun yi a wurin tayi ta fi wadda ɓarayi suka jawo musu. Mun taso da ciniki irin na Kantin Kwari. A faɗa maka kuɗi ka raba biyu, a ce albarka, ka ɗan ƙara, ka juya kamar za ka tafi, a kira ka a sallama. A Kano wannan gwaninta ce. A wasu kasuwannin kuwa, ko dai a yi maka dariya, ko a sallama maka ka dawo gida da kuka.

Na taɓa kai wata Hajiya kasuwar gwal ta Deira a Dubai, za ta sayi sarƙa da awarwaro na auren 'yarta. Mai shago, wani Ba'indiye, ya ɗora su a sikeli, ya danna kalkuleta ya juyo mata. Ko numfashi ba ta yi ba ta raba kuɗin biyu. Mutumin bai ce uffan ba, ya nuna mata allon da ke rataye a bango. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wancan kuɗin ba shi ya yanka ba." A can farashin giram na gwal, ko na karat 18 ne, ko 21, ko 22, ko 24, kasuwar duniya yake bi, kuma ana ganinsa a allo. Abin da ke hannun mai shago kuɗin ƙira ne kawai, wato ladan aikin maƙeri. Nan ake ja-in-ja, kuma nan ake samun ragi mai kauri. Don haka ki fara tambayar nauyi da karat, ki lissafa kuɗin gwal ɗin da kanki, abin da ya yi saura shi za ki taya. Idan sarƙar tana da duwatsu, ki sa a fitar da nauyinsu, kada ki sayi gilashi da kuɗin zinare.

Lissafin Dubai ba ya da wuya, domin dirhami ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a kowace dala ɗaya. Tun 2018 akwai harajin kashi 5 cikin 100 a kan kaya, amma baƙo yana iya karɓo mafi yawansa a filin jirgi idan sayayyar ta kai dirhami 250 kuma shagon yana cikin tsarin. Sai ka nuna fasfo tun a shago. Wanda ya tuna da maganar a filin jirgi ya makara.

Masu tare ka a bakin titi suna "Alhaji, zo ka gani" kuwa, la'adarsu a cikin kuɗinka take. Ni ma da la'ada nake ci, ba na ɓoyewa, amma tawa tun a gida muke yanke ta.

Chaina ce ta fi ba ni tsoro, don a can da wuya a ce maka albarka. A birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke ce wa Gwanzu, wani Alhaji ya ga samfurin takalmi mai kyau, ya dinga matsa wa matar shagon, tana ragewa yana ƙara matsawa. Can ta yi murmushi ta amince. Ya fito yana ce mini, "Ka ga yadda ake ciniki, yaro." Da kwantena ta iso, takalmin a ido shi ne, amma an rage kaurin ƙasansa, gam ɗin ma na banza, sati biyu ya buɗe baki. Matar ba ta yi asarar ko sisi ba. Masana'anta ta yi masa kaya daidai kuɗinsa, kuma araha ba ta ado. A can hanyar samun ragi ita ce yawan kwalin da za ka ɗauka. Idan kun daidaita, ka sa hannu a jikin samfur biyu, ɗaya ya zauna wurinsu, ɗaya a jakarka. A rubuta komai a takarda: launi, awo, adadi a kwali, ranar gamawa. Ka ba da kafin alƙalami, cikon kuma sai an buɗe kwalaye a gabanka ko gaban wakilinka.

Ka kuma kula da kalkuletar nan. Lambar da aka danna, yuwan ce ko dala? Dala ɗaya kusan yuwan 7 ce, kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Yatsu ma suna ruɗarwa: idan Basine ya miƙe babban yatsa da manuni, takwas yake nufi, kai kuwa biyu za ka gani. Kada ka sa tafiyarka a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin sabuwar shekararsu ne, masana'antu rufewa suke yi na makonni. Babban bajekolin Kanton na birnin Guangzhou kuma a Afrilu da Oktoba ake yinsa, otal yana tsada sosai a lokacin.

Abu ɗaya dai bai canza ba daga Kwari har Deira: idan ka taya aka sallama, ka saya. Tayin wasa yana zubar da mutuncinka, ya kuma ɓata wa wanda zai shigo bayanka.

Wanda ke shirin tafiyar farko, ina roƙonsa ya ba kasuwa yini guda kafin ya taɓa aljihu. Ya zaga shago biyar ko shida, ya tambayi kuɗin abu ɗaya, ya rubuta a littafi, washegari ya dawo ciniki. Kuɗin da suka haura dala 10,000 kuma a bayyana wa kwastan tun daga Najeriya. Allah ya ba da kasuwa.