Su Wane Ne Masu Aikin Lafiyar Hankali?

Sa'ad da mutum ya karye a ƙauye, kowa ya san inda za a kai shi. Haka kuma idan naƙuda ta zo da gardama. Amma idan saurayi ya daina barci ya soma magana shi kaɗai, ko mace ta haihu ta ƙi cin abinci ta ƙi duban jaririnta, sai iyali su rasa wurin zuwa. Waɗansu sukan sayar da awaki da hatsi suna yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. Waɗansu kuwa, don tsoro, sukan sa wa ɗan'uwansu mari su ajiye shi a bayan gida. Sau da yawa dalilin shi ne ba mu san akwai mutanen da suka yi karatu musamman domin wannan aiki ba. A darasin nan za mu dube su ɗaya ɗaya, mu ga karatun da suka yi, da aikinsu, da inda za a same su.

Likitan masu taɓin hankali

Shi cikakken likita ne. Yakan yi shekara 6 a jami'a, da shekara 1 ta koyon aiki a asibiti, sa'an nan hidimar ƙasa. Bayan wannan ne zai shiga koyon fannin hankali, wanda yakan ci wajen shekara 5 ko 6 kuma. Aikinsa na farko shi ne gano ainihin ciwon, gama zazzaɓi mai tsanani, da sanƙarau, da shaye-shaye duka suna iya ruɗa mutum har a ce ya haukace. Shi ne ke zaɓen magani, shi ne kuma ke cewa a kwantar da mai ciwo ko a bar shi a gida.

Ɗan Nijeriya na farko da ya yi wannan karatu shi ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abeokuta. Ya yi karatu a Ingila, ya komo gida a 1954 ya kama aiki a asibitin Aro. Abin da ya yi a can ya sa duniya ta san shi. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba masu ciwo masauki a gidajensu, kowa tare da wani danginsa mai kula da shi. Da rana su zo asibiti, da yamma su koma cikin jama'a. Ya gane cewa mutum yakan fi samun sauƙi idan ba a raba shi da mutane ba. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Irin waɗannan likitoci kaɗan ne ƙwarai. Ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. A arewa za a same su a asibitocin Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da kuma asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya.

Nas mai kula da masu taɓin hankali

Tun da likitoci ba su da yawa, nas ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Maza da mata suna yin wannan aiki. Da fari sai an gama makarantar koyon jinya, shekara 3 zuwa 5 gwargwadon makarantar, sa'an nan a ƙara wajen shekara ɗaya ko ɗaya da rabi a kan lafiyar hankali. Nas ce ke ba da magani da allura, ta lura ko maganin yana sa rawar jiki ko sandarewar wuya, ta kuma koya wa iyali yadda za su yi da mai ciwo a gida. Idan kun je babban asibitin ƙaramar hukumarku, ku tambaya ko akwai irin wannan nas.

Masanin halayyar ɗan Adam

Wannan ba ya rubuta magani. Aikinsa sauraro ne da magana bisa tsari da ya koya. Yakan yi shekara 4 a jami'a, ya ƙara digiri na biyu, ya kuma yi koyon aiki a asibiti. Jami'ar Jos tana cikin masu koyar da wannan ilimi. Yana taimakon wanda baƙin ciki ya danne, da wanda ke firgita da dare tun ranar da aka kai wa ƙauyensu hari, da mai son barin ƙwaya ko giya. Ba zama ɗaya ake yi ba. Akan yi ta komawa mako bayan mako har mutum ya iya riƙe tunaninsa.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a da mai koya aikin hannu

Mutum yana iya samun sauƙi a asibiti amma ya tarar an ba wani gonarsa, matarsa ta koma gidansu, maƙwabta suna gudunsa. Ma'aikacin jin daɗin jama'a, mai difloma ko digiri, shi ne ke neman dangin wanda aka tsinta a titi, ya shirya su, ya bi mutum har gida. Mai koya aikin hannu kuwa yakan sake koya wa mai ciwo wanka da dafa abinci da sana'a, har ya iya tsayawa da ƙafarsa. Akwai makarantar gwamnatin tarayya ta wannan aiki a Oshodi, Legas.

Ma'aikacin lafiya na ƙauye

Wannan shi ne mafi kusa da mu, wanda ake kira CHEW. Yakan yi shekara 3 a makarantar koyon aikin lafiya, ƙaraminsa kuma shekara 2. Tun 1991 gwamnati ta sa lafiyar hankali cikin aikin ƙananan asibitoci. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa irin waɗannan ma'aikata gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, su fara magani, su tura mai tsanani gaba. Ba dukansu suka sami wannan horo ba, amma daga wurinsu ya kamata a fara, gama suna iya rubuta takardar da za a kai babban asibiti.

Waɗanda ba su da takardar asibiti

A Itumbauzo ta jihar Abiya, ikkilisiyar Methodist ta kafa gidan Amaudo a 1989, inda ma'aikata ke zama tare da masu taɓin hankali da aka ɗauko daga titi har su koma ga danginsu. A ƙasar Zimbabwe kuma, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa, binciken 2016 kuwa ya nuna aikin yana taimako. Fasto da shugabar zumuntar mata suna iya yin irin wannan idan sun sami horo. Sai dai su san iyakarsu. Kada a ce wa mai ciwo ya bar magani domin ana yi masa addu'a, kada kuma a ɗaure shi ko a doke shi. Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana a wulaƙanta shi.

Ga matasanmu

Ƙofar shiga jinya da aikin lafiya ita ce kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Yaron da ke da haƙuri, mai riƙe asiri, wanda ba ya yi wa mai ciwo dariya, ya dace da wannan aiki. Mai ciwon hankali yakan fi buɗe zuciyarsa ga wanda ke jin harshensa, saboda haka 'ya'yanmu za su yi amfani ƙwarai idan suka yi karatun suka komo gida.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ƙauyenmu, ina akan fara kai mai taɓin hankali? Nawa iyali sukan kashe kafin su kai asibiti?
2. Wane ne ma'aikacin lafiya mafi kusa da mu? Wa za mu aika ya tambaye shi ko ya sami horo a kan lafiyar hankali?
3. Me za mu koya daga ƙauyukan Aro game da karɓar wanda ya komo daga asibiti?
4. Akwai saurayi ko budurwa a cikinmu da za mu iya haɗa hannu mu biya wa kuɗin makarantar aikin lafiya?