Wutar Jin Ɗumi a Tsakar Gida: Shawarwari Ga Maƙwabtan Masana'antu

Da zarar Disamba ta kama, hazo ya sauko, duk wanda ya bi ta Sharada da asuba zai ga masu gadi sun kewaye wuta a ƙofar kamfanoni. A cikin gidaje ma haka ne, daga Ja'en zuwa Panshekara, daga Dakata zuwa Kawaji: a fito da kasko, a dafa ruwan wanka, yara su tsugunna suna miƙa hannu. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, da tsadar gas ta yi ta hawa, gidaje da yawa sun koma gawayi da itace. Mu da ke zaune gefen masana'antu muna da wata jarrabawa da mutumin ƙauye ba shi da ita. Tarkacen kamfani na nan da araha, wani ma kyauta, kuma kusan duk yana cin wuta.

1. Fara da abin da za ka zuba wutar a ciki. Kaskon yumɓu na kakanninmu har yanzu ba a yi kamarsa ba wajen riƙe ɗumi, aibinsa kawai saurin fashewa. In ƙarfe kake so, tsohon wilin mota da mai walda ya yi wa ƙafafu uku ya fi duk wani murhun langa-langa ƙarko. Ganga ce abin tsoro. A wajen 'yan gwangwan za ka samu rabin ganga da arha, amma ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a cikinta. Wadda ta ɗauki sinadarin jima, fenti ko maganin ƙwari, bar musu kayarsu. Kada kuma ka sa mai walda ya yanka rufaffiyar gangar da ta taɓa ɗaukar mai, domin tururin da ya rage a ciki yana iya tarwatsa ta. Ƙarfe mai ruwan tutiya, irin na kwanon rufi da bokitin ƙarfe, shi ma ba na wuta ba ne. Hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

2. Zaɓi wuri da rana, ba da dare lokacin da sanyi ya matsa maka ba. A bar tazarar aƙalla mita 3 tsakanin wuta da rumfa, zana, igiyar shanya, babur, janareta da tukunyar gas. Ɗaga kai ka duba sama: wayar lantarki ko reshen darbejiya kada su rataya a kan wurin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka a raɓa murhu da katangar da za ta tare ta, yadda tartsatsi ba zai nufi ƙofar ɗaki ba. A gidan haya, sai an yi shawara da sauran mazauna da mai gidan. Hayaƙi ba ya tsayawa a ƙofar wanda ya hura.

3. In murhu na dindindin za ka gina, nemi jan bulo ko tubalin ƙasa, a shafe da yumɓu. Bulon siminti tsagewa yake yi in ya sha wuta, dutsen da aka tsinto a bakin kogin Challawa kuma yana iya fashewa saboda ruwan da ya shige cikinsa. A shimfiɗa yashi a ƙasa, a bar 'yar kafa ta shigar iska. Daɓen siminti ma a ɗora masa bulo kafin a aza kasko.

4. Ga inda na fi son a saurare ni: abin da ake ƙonawa. Challawa cibiyar kamfanonin jima ce, kuma jimar zamani ba irin ta majemanmu ba ce da ake yi da bagaruwa. Yawancinta da sinadarin kuromiyom ake yi. In aka ƙona guntayen irin wannan fata, wani ɓangare na sinadarin na rikiɗa zuwa nau'in da ke haddasa ciwon daji, ya bi hayaƙi, ya zauna cikin toka. Rarar roba da leda daga kamfanonin Sharada da Bompai, guntun soso na katifa, tsohon silifa, taya, bututun ruwa na roba, duk hayaƙinsu guba ne, musamman ga jariri da mai asma. Na san abin da uwargida za ta ce: leda ɗaya ce kawai ta tayar da wuta. To ledar nan ɗaya, safe da yamma, fuskarki ce a kanta kina fifita.

Katakon da ake ɗora kaya a kai a kamfanoni yakan zo da hatimi a gefensa. Mai alamar HT da zafi aka gasa shi, ana iya ƙona shi in babu fenti ko malalar mai a jikinsa. Mai alamar MB feshin guba aka yi masa, a ƙyale shi. Falankin da aka haɗa da gam da duk katako mai fenti, su ma haka. Abin da ya dace shi ne busasshen itace irin marke ko tsamiya, da gawayi mai nauyi a hannu. Gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so, yana daɗewa yana ci. Ɗanyen itace kuwa asarar kuɗi ne, hawaye kawai za a sha.

5. A kunna da ƙirare, karan dawa ko takarda. Fetur ko kusa. Kalanzir ma ba a tuttula shi a kan wutar da ta riga ta kama, balle yanzu da ake samun gurɓatacce.

6. Kasko ba ya kwana a ɗaki. Gawayin da ya yi jajir, ba hayaƙi ba wari, shi ne ke fitar da iskar da ke kashe mutum yana barci, domin ba ta da launi ba ta da ƙamshi. Ɗakunanmu na haya ƙanana ne, ga shi a hunturu har ƙasan ƙofa ake toshewa da tsumma. Mai jego da tsofaffi aka fi yi wa wannan gata mai haɗari. In mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya gaba ɗaya, a fito da su iska nan take, a buɗe ƙofa da taga, a wuce asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.

7. Babba ɗaya ya zama mai wuta, kada a bar yara su kaɗai. Dogon hijabi da rigar sanyi ta roba suna kamawa nan da nan, kuma narkewa suke yi su manne a fata. In an ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na tsawon minti 20. Ba ƙwai, ba manja, ba man goge baki.

8. Bokitin yashi da na ruwa su kasance kusa tun kafin a ƙyasta ashana, lambar 'yan kwana-kwana kuma tana cikin wayar maigida da ta uwargida. In an gama, a baza garwashin, a yayyafa ruwa, a juya, a sake yayyafawa. Toka na iya ɓoye wuta har washegari, don haka kada a juye ta cikin kwandon shara ko a bola, inda leda da kwali ke jira. A tara ta a tsohuwar tukunya mai murfi ta kwana biyu. Ta itace zalla za ta yi wankin tukwane, ko a zuba kaɗan a gindin zogale.