Yadda Bidiyo Ke Tashi Daga Wayarka Ya Isa Ga Jama'a a YouTube

A watan Afrilun 2005 Jawed Karim, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa YouTube a Amurka, ya ɗora bidiyon farko a dandalin. Kimanin shekara guda da rabi bayan haka Google ya saye kamfanin kan dala biliyan 1.65. Yau a can ake kallon shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Ga matakan da kowane bidiyo ke bi.

Da farko za ka buɗe tasha da adireshinka na Gmail, kyauta. Sabuwar tasha ba ta ɗora abin da ya wuce minti 15 sai ka tantance ta da lambar waya.

Na biyu, ɗorawa. Ka zaɓi bidiyon, ka ba shi suna, ka rubuta ɗan bayani, ka sa hoton da zai fara bayyana. Sannan ka faɗi wa zai gani: kowa da kowa, ko wanda ka tura wa adireshin bidiyon kaɗai, ko kai da waɗanda ka gayyata.

Na uku, aikin ya koma hannun manyan kwamfutocin Google. Su ne ke mayar da bidiyon nan guda ɗaya zuwa kwafi da yawa, daga mai dishi-dishi na 144p zuwa tangaran na 1080p ko sama. Kowane kwafi ana yayyanka shi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi. Idan sabis ɗin mai kallo ya yi ƙarfi, a aiko masa da gutsure mai kyau; idan ya yi rauni, a sauko da shi kan mara nauyi. Shi ya sa hoto ke dusashewa ana tsaka da kallo, maimakon ya tsaya cak.

Na huɗu, binciken haƙƙin mallaka. Akwai tsarin Content ID da ke gwada sauti da hoton bidiyonka da ayyukan da masu su suka yi wa rajista. In ka sa waƙar wani, mai waƙar yana iya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallarsa. In kuwa ƙorafin satar fasaha ya tabbata a kanka har sau uku, ana iya rufe tashar.

Na biyar shi ne ginshiƙi: wa za a nuna wa? Dandalin yana fara gwada bidiyon a gaban wasu masu kallo, ya lura ko sun danna, da tsawon lokacin da suka zauna. In sun kalla har ƙarshe, ya ƙara miƙa shi ga masu irin sha'awarsu. In sun gudu tun minti na farko, ya ja baya da shi. Don haka suna na yaudara yana jawo mutum, amma ba ya riƙe shi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na ƙarshe, kuɗi. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyoyi, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Daga nan kashi 55 cikin 100 naka ne, ana biya idan ya kai dala 100.

Saboda haka, kafin ka sayi kyamara mai tsada, ka gyara sautinka, ka shiga magana kai tsaye, ka cika alƙawarin da sunan bidiyonka ya ɗauka. Mai kallo datarsa da lokacinsa yake kashewa a kanka, ka ba shi abin da zai amfane shi.